Sabon Injiniya, Da Reza, Da Hayaƙin Mota

Ko wace shekara samari da 'yan mata masu yawa su kan gama karatun aikin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da sauran manyan makarantu na Nijeriya da Nijar. Su karɓi takardar shaida, iyaye su yi murna, 'yan'uwa su soma kiransu Injiniya tun ba su taɓa ɗaure ko noti guda ba a wurin aiki na sosai. To, a cikin zancenmu na kimiyya na yau muna so mu duba abin da ke jiran irin waɗannan matasa a shekarunsu na fari a bakin aiki. Za mu ɗebo misalanmu daga birnin New York na ƙasar Amurka da kewayensa, mu kuma kafa su a kan abubuwa biyu da kowa ya sani, watau rezar da a ke aski da ita, da motar da a ke hawa.

A cikin shekarar 1880 injiniyoyin Amurka masu aikin injuna suka kafa ƙungiyarsu a New York. Bayan haka attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya yi arzikinsa da sana'ar narka ƙarfe, ya ba da kuɗi aka gina wa ƙungiyoyin injiniyoyi wani babban gida a Titi na 39 cikin tsibirin Manhattan, aka buɗe shi a 1907. A wancan zamani ita wannan ƙungiya tana da mujallar da ta ke bugawa ko wane wata. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mujallar ta buga wani dogon bayani kashi uku na wani injiniya mai suna W. J. King, ma'aikacin kamfanin General Electric, wanda daga baya ya zama malamin jami'a a Los Angeles. Sunan da ya sa wa bayanin, in an juya shi da Hausa, shi ne dokokin aikin injiniya waɗanda ba a rubuta ba. Mutane suka yi ta nemansa har aka mai da shi ɗan ƙaramin littafi, aka yi ta sake bugawa, aka kuma yi masa gyara a 2001.

Abin da King ya lura da shi shi ne, cikin injiniyoyin da ya zauna da su, da wuya ka ga wanda ya faɗi sabo da rashin iya lissafi. Abin da ke kayar da su yawanci sha'anin zama da mutane ne. Wannan ya sa ranar gama aiki bai cika ba, wancan ya ga ɓarna ya ɓoye wa shugabansa, wani kuma ya raina aikin da aka ba shi. Makaranta ta koya musu dokokin zafi, da na nauyi, da na wutar lantarki, ta kuma jarraba su a kai. Amma waɗannan sauran dokoki ba malamin da ya taɓa rubuta musu su a allo.

Gargaɗinsa na farko ga sabon shiga shi ne, kome ƙanƙantar aikin da aka fara ba shi, ya yi shi iyakar ƙoƙarinsa. Wannan magana tana da sauƙin faɗi, amma tana da ɗaci ga wanda ya yi shekara biyar yana fama da lissafi mai zurfi, sa'an nan ranar farko aka miƙa masa awo aka ce ya je ya ƙidaya bututun da ke cikin sito. Dalilin gargaɗin kuwa a fili ya ke. Shugaban wurin bai ga yadda saurayin ya ci jarrabawa ba, ba shi kuma da wata hanyar sanin halinsa sai ta wannan ƙaramin aiki. In ƙidayar bututu ta zo da kuskure, wa zai danƙa masa gada? Akwai kuma wani dalili wanda mu a ganinmu ya fi wannan ƙarfi, watau sau da yawa abin da a ke kira ƙaramin aiki ba ƙarami ba ne, ido ne kawai ya ke ganinsa haka. King ya taɓo har zancen tsabtar jiki da sutura, don haka bari mu ɗauki abin da saurayin zai riƙa da safe kafin ya fita ofis, mu ga ko ƙaramin abu ne.

A ƙasar Hausa aski aikin wanzami ne. Ya kan zo da zabirarsa, ya fid da aska, ya wasa ta a dutse, ya goga ta a fata, ya jiƙa kai da ruwa, sa'an nan ya kama aiki. Wannan jiƙawa ba al'ada ce kurum ba. Gashi ya kan sha ruwa ya yi laushi cikin minti biyu ko uku, ƙarfin da a ke bukata a yanke shi kuma ya ragu ƙwarai. Turawa ma da haka su ke, da doguwar aska mai naɗewa, wadda in hannu ya goce sai jini. A 1880 waɗansu 'yan'uwa 'yan asalin Jamus mazauna New York, masu suna Kampfe, suka yi rajistar wata 'yar aska gajera mai shinge a gaban bakinta, don kada ta nutse cikin fata. Suka sa mata suna Star, ta kuwa yi kasuwa. Sai dai bakinta ƙarfe ne mai kauri, tilas a riƙa cire shi ana gogawa a fata, in ya dakushe sosai a kai wa mai washi.

Wani ɗan tallan kaya mai suna King Camp Gillette, wanda ke yawon sayar da marfin kwalba, shi ne a 1895 dabara ta faɗo masa. Ya ce tun da ba abin da ke aiki a jikin aska sai bakinta, me zai hana a yi bakin kaɗai da ɗan siririn ƙarfe mai araha, in ya dakushe a yar, a sa wani? Dabara ke nan, ta minti ɗaya. Amma shekara shida ya yi yana yawo da ita ba ta zama kome ba, domin masanan ƙarfe da ya tuntuɓa sun ce masa ba shi yiwuwa.

Ga inda wahalar ta ke. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda a ke sa wuƙa ta yi tauri: a zuga wuta, a gasa ƙarfen ya yi ja, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya. Ƙarfe mai kauri ya kan jure wannan. Amma ƙarfen da bai fi takarda kauri ba, da ya ji sanyi kwatsam sai ya lanƙwashe ya murɗe kamar busasshen ganye, abin da ya murɗe kuwa ba ya wasuwa daidai. Ko da an shawo kan wannan, sauran a sami injin da zai wasa dubbai a yini, ko wace ɗaya da kaifi iri ɗaya, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. A 1901 aka haɗa Gillette da wani injiniya na birnin Boston, William Nickerson, wanda ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts. Shi ma da fari bai ga alamar nasara a cikin abin ba. Daga baya ya zauna ya yi nazari, ya gane cewa ba lalle ne siririn ƙarfen ya tsaya da ƙarfin kansa ba, mariƙin ne zai matse shi sama da ƙasa ya ba shi ƙarfi. Ya samo hanyar gasa ƙarafan a matse don kada su murɗe, ya kuma ƙera injunan washi da hannunsa. A 1903 kamfanin ya sayar da mariƙi 51 da reza 168, abin dariya. A 1904 ya sayar da mariƙi wajen 90,000. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sojan Amurka kaɗai an kai musu mariƙi miliyan 3 da rabi da reza miliyan 32. Sunan Gillette ne duniya ta sani, har da hotonsa a jikin takardar ko wace reza, amma da Nickerson ya ce shi ya fi ƙarfin aikin aska, da ba a yi ba.

Kada kuma ku zaci zancen reza ya ƙare tun zamanin nan. Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana: gashi ya fi ƙarfen reza taushi wajen sau 50, to, ƙaƙa a ke yi abu mai taushi haka ya dakusar da ita cikin 'yan kwanaki? An daɗe ana tsammani bakin ne ke cinyewa sannu a hankali, kamar yadda igiya ke cin bakin rijiya. A 2020 waɗansu masana na wannan makaranta ta Massachusetts suka buga sakamakon bincikensu. Wani ɗalibi cikinsu, Gianluca Roscioli, shi ya riƙa yin aski da reza, bayan ko wane aski ya sa ta ƙarƙashin madubin lantarki mai ƙara girman abu sau dubbai, ya duba bakin. Sai ya ga ashe ba cinyewa ya ke yi ba, ɓantarewa ya ke yi, yana yin ƙananan giɓi nan da can. Ƙarfen ba ɗaya ya ke ko'ina ba, akwai wuri mai tauri kusa da wuri mai ɗan taushi. In gashi ya lanƙwasa ya taɓa bakin a karkace, ya kuma dace da irin wannan mahaɗa, sai 'yar tsaga ta buɗe, ɗan guntu ya fita. Ku duba irin aikin da aka ba wannan ɗalibi, aske fuska da leƙen madubi, ga kuma abin da ya fito daga ciki.

Sauran gargaɗin King ga sabon shiga yawancinsu a kan baki da alƙalami su ke. Ya ce mutum ya riƙa sanar da shugabansa halin da aiki ke ciki, tun ba labari mara daɗi ba, domin ba abin da shugaba ya ƙi kamar ya ji ɓarnar sashensa daga bakin wani na waje. In an yi magana da baki an shirya abu, a bi ta da 'yar takarda, don gobe kada a yi musu. In za a rubuta rahoto a fara da abin da aka samu, kada a sa mai karatu ya bi shafi goma kafin ya kai ga amsa. In an sa rana a cika, in kuwa an ga ba za ta cika ba a faɗa tun da wuri. Wanda ya fi duka nauyi shi ne, in an tambayi mutum abin da bai tabbatar ba, kada ya yi canken amsa don gudun kunya, ya ce zai je ya bincika. A nan ne mu ke ganin tarbiyyarmu tana iya zama wa saurayi tarko. An koya mana kada yaro ya musa wa babba, wannan kuwa abu ne mai kyau a zaure. Amma in babban injiniya ya ce ginshiƙi zai ɗauki nauyi, lissafin yaro kuma ya nuna ba zai ɗauka ba, shiru ba ladabi ba ne. Akwai yadda a ke faɗin irin wannan magana: a sami maigidan shi kaɗai, a ce, ranka ya daɗe, ga abin da lissafina ya ba ni, ko za ka duba mini inda na kauce? In yaron ne ya kauce ya ƙaru, in kuwa ba shi ba ne an tsira.

Wannan zance na a je a bincika maimakon a canka shi ya kawo mu ga mota, da wani babban aiki da aka yi a New York sabo da ita. Tsibirin Manhattan, inda zuciyar birnin ta ke, kogin Hudson ne ya raba shi da jihar New Jersey ta wajen yamma. A farkon ƙarni na 20 duk motar da za ta ƙetare nan sai ta shiga jirgin fito. Motoci kuwa sai ƙaruwa su ke yi, har ya zama a 1920 waɗanda ke Amurka, manya da ƙanana, sun haura miliyan 9. Layi ya kan yi tsawo a bakin ruwa, a yi awoyi ana jira. A hunturun 1917 zuwa 1918 ƙanƙara ta toshe kogin, kwal ya taru a gefen New Jersey, mutanen birni na fama da sanyi ba abin hura wuta. Sai jihohin biyu suka shirya a haƙa hanyar mota ta ƙarƙashin kogin, a 1919 suka naɗa Clifford Holland babban injiniyan aikin, yana da shekara 36.

Ku lura da hanyar da ya bi ya kai nan. Ya gama karatun injiniya a Jami'ar Harvard a 1906, ya kama aiki a matsayin ƙaramin mataimaki wurin haƙa ramin jirgin ƙasa tsakanin Manhattan da Brooklyn. Shekara goma sha uku ya yi cikin laka da duhu, daga wannan rami zuwa wancan, kafin a ba shi nasa. Wanda ya ɗauka ya shugabanci zanen aikin, Ole Singstad, mutumin ƙasar Norway ne, ya zo Amurka a 1905 da takardar shaidarsa, ya fara da aikin zane a wani kamfanin jirgin ƙasa na New Jersey, ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki ƙarƙashin waɗansu. Har yanzu ma doka ta san da wannan zaman koyo. A jihar New York, wanda ya fito jami'a da digirin injiniya ya kan yi shekara huɗu yana aiki, ya kuma ci jarrabawa biyu, kafin a ba shi lasin sa hannu a kan zane da sunansa. A Nijeriya ma majalisar da aka kafa a 1970 don kula da sana'ar, wadda a ke kira COREN, ba ta yi wa mutum rajista sai ya nuna shekarun da ya yi a bakin aiki.

Haƙa rami ƙarƙashin kogi ba sabon abu ba ne a lokacin, an riga an yi wa jiragen ƙasa. Amma waɗannan jirage da lantarki su ke tafiya, ba su da hayaƙi, kuma jirgin da kansa ya kan tura iska gabansa ya jawo sabuwa bayansa. Mota fa? Injin mota yana ƙona fetur, in kuwa ƙunar ba ta cika ba sai ya fid da wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta, ta kan kama jan sinadarin jini wanda ke ɗaukar iskar oksijin, kamun da ya fi na oksijin ɗin ƙarfi fiye da sau 200, sai jini ya yi ta zagawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ita ce dai ke kashe mutanen da su kan rufe ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu, ita ce kuma ke hallaka iyali dukansu in an kwana da janareta a cikin gida ko a bakin taga. Hanyoyin ƙarƙashin ƙasa irin na Kabuga a Kano gajeru ne, iska na ratsa su da kanta. Wannan kuwa bututu biyu ne, ko wane ya fi ƙafa 8,000, watau ya haura mil ɗaya da rabi, ga motoci dubbai a ciki.

Holland da Singstad suna da tambayoyi uku, ba kuwa littafin da ke da amsarsu. Nawa ne yawan gubar da mota ke fitarwa? Nawa ɗan Adam zai iya shaƙa bai cutu ba? Wane irin ƙarfi a ke bukata a tura iskar da za ta wanke ta? Ba su zauna ofis sun canka ba, sai suka raba tambayoyin ga masu iya aunawa. Ma'aikatar Ma'adinai ta Amurka ta tara motoci iri iri a birnin Pittsburgh, ta auna hayaƙinsu suna tsaye, suna gudu, suna hawan tudu. A Jami'ar Yale, wani masanin aikin jiki, Yandell Henderson, ya sa masu sa kai cikin rufaffen ɗaki, ana sakar musu gubar da awo, ana ɗibar jininsu ana dubawa. Ya yanke cewa kashi 4 cikin 10,000 na iska shi ne iyakar abin da za a yarda da shi ga wanda ba zai wuce awa guda a ciki ba. Jami'ar Illinois ta gina dogon bututun gwaji don a san yadda iska ke gogar bango tana rasa ƙarfi. Daga ƙarshe aka shiga wani ramin kwal a Bruceton, kusa da Pittsburgh, aka gyara wata hanya mai kewaye ta ƙafa 400 a ƙarƙashin ƙasa, aka sa motoci na gaske suna zagawa da mutane a ciki, ana gwada hura iska ta sama da ta ƙasa.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa kowa ita ce a kafa babbar fanka a baki ɗaya, a hura iska ta fita ta ɗaya bakin. Awo ya nuna illarta. Iskar tana tafe tana kwasar hayaƙin ko wace mota, kafin ta kai ƙarshe ta zama guba tsantsa, sai fa in an hura ta da ƙarfin guguwa. In kuma wata mota ta kama wuta, wannan guguwa ita za ta zama zugazugi, ta kora wuta da hayaƙi kan duk wanda ke gaba. Sai Singstad ya juya tafiyar iskar. Da ya ke bututun zagayayye ne, faɗinsa ƙafa 29 da rabi, in an shimfiɗa titi a tsakiya aka yi rufi a sama, akwai sarari da ya rage ƙarƙashin titin, akwai kuma wani bisa rufin. Ya sa a tura sabuwar iska ta sararin ƙasa, ta riƙa fitowa ta ƙananan kafofi a gefen titi tun daga wannan baki har wancan. Hayaƙi da ma mai zafi ne, sama ya ke nema, sai a zuƙe shi ta kafofin rufi zuwa sararin sama, a fitar. Watau iska ba ta bin tsawon ramin, daga ƙasa ta ke tashi zuwa sama a ko wane taku. Aka gina dogayen gidaje huɗu, biyu a ko wace gaɓa, aka sa fanka 84 a ciki, 42 na turawa, 42 na zuƙa, masu iya sauya iskar ramin duka cikin daƙiƙa 90.

Awon Henderson, mu faɗa, na zamaninsa ne. Kashi 4 cikin 10,000 daidai ya ke da 400 cikin miliyan, alhali dokar wuraren aiki ta Amurka a yau ba ta yarda ma'aikaci ya yini cikin abin da ya wuce 50 cikin miliyan ba. Motoci ma sun sake, domin tun daga 1975 yawancin sababbin motocin Amurka suna da wata tukunya a jikin salansa mai ƙarasa ƙona gubar kafin ta fito. Amma tsarin tafiyar iskar bai tsufa ba, an kwaikwaye shi a ramukan mota da yawa a duniya.

Holland bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ana haƙa irin wannan rami ne cikin matsattsiyar iska, don ta hana ruwa da laka shigowa, shiga da fita cikinta kuwa yana cin jiki, ma'aikata fiye da goma suka rasu kafin a gama. Shi kuma kullum yana ciki, dare da rana, ga jayayya da hukumomin jiha biyu. Jikinsa ya gaza, aka kai shi jinya jihar Michigan, ya rasu ran 27 ga Oktoba 1924 yana da shekara 41, saura kwana biyu masu haƙa daga gaɓa biyu su haɗu a tsakiyar kogi. Wanda ya gaje shi, Milton Freeman, bai cika wata biyar ba shi ma ya rasu. Mun kawo wannan ne domin saurayi mai zafin nema ya kan ɗauka rashin barci shi ne himma. Aikin bai tsaya ba, domin akwai zane a rubuce, akwai sakamakon awo a ajiye, akwai kuma na ƙasa da aka bari suka san kome. Singstad ya karɓa ya ƙarasa ramin, wanda aka riga aka sa wa sunan Holland, aka buɗe shi ga motoci ran 13 ga Nuwamba 1927. A ranar farko mota fiye da 51,000 suka bi ta ciki, ko wace ƙaramar mota ta biya santi 50. Singstad ya ci gaba, da hannunsa a ramin Lincoln, da na Queens da aka buɗe a 1940, da na Brooklyn da aka buɗe a 1950, ya rasu a 1969.

Babbar jarrabawar fankokin nan ta zo ne bayan shekara 21 da 'yan watanni. Ran Jumma'a 13 ga Mayu 1949 da safe, wata babbar mota ta shigo daga New Jersey ɗauke da ganga 80 na wani sinadari mai saurin kama wuta, wanda doka ta hana a bi da shi ta nan. Ganga ɗaya ta faɗo ta fashe, wuta ta tashi, ta kama waɗansu manyan motoci da ke kusa. Zafin ya kai har rufin ramin ya zube na tsawon ƙafa wajen 600, waɗansu fankokin zuƙa kuma suka lalace. Masu kula da iska suka buɗe sauran iyakar ƙarfinsu, hayaƙi ya yi ta tashi sama yana fita, sabuwar iska na fitowa daga gefen titi inda masu gudu da 'yan kwana-kwana su ke shaƙa. Mutum 66 suka jikkata, yawancinsu da hayaƙi, wani shugaban 'yan kwana-kwana kuma ya rasu bayan 'yan watanni sabo da abin da ya shaƙa. Cikin matafiya ba wanda ya mutu. Aka kwashe tarkace, aka gyara abin da ya gyaru, bayan awa 56 motoci suka ci gaba da wucewa.